Ka Ce Ka Fita, Amma Ana Ci Gaba da Cirar Kuɗinka

A ƙasashen da ake biyan kuɗin waya a ƙarshen wata, rigimar mutum da kamfanin sadarwa bayan ya raba gari da su tana da fasali sananne. Ya rufe layinsa, wata ya zagayo sai ga takardar biya, ya ce bai san zancen ba, su ce su sun sani, a shiga ja-in-ja. Duk tsawon gardamar, kuɗin yana aljihunsa. A Karaye da Rogo na jihar Kano, da ma ƙasar nan baki ɗaya inda kusan kowa sai ya sa kati kafin ya yi kira, abin a juye yake. Kuɗin ya riga ya shiga hannun kamfani tun kafin a fara musu. Kamfanin ne mai cewa yana bin ka, shi ke riƙe da littafin lissafi, shi ne kuma mai zartar da hukunci cikin dare kana barci. Ba ya aiko maka da takarda. Cira yake yi, in ka farka ka ga ragowa.

Wanda yake son ganin yadda abin yake a ƙasa, ya zauna a rumfar mai cajin waya ranar kasuwa. Ba za a daɗe ba wani dattijo zai zo daga ɗaya daga cikin ƙauyukan bakin madatsar Challawa, irin masu noman rani, ya miƙa ƙaramar wayarsa mai madannai da aka ɗaure da roba.

"Ɗan nan, duba min. Shekaranjiya na sa ɗari biyar, kira ɗaya na yi wa dillalin tumatur, yanzu wai babu kuɗi."

Yaron zai danna, ya shiga akwatin saƙonni, ya ce, "Baba, ai an sa ku cikin wani tsari ne, kullum ana cirar naira hamsin."

"To ai wancan makon an cire ni. Yaron gidana ya tura musu."

"Sun mayar da ku, Baba. Ko kuma wani ne daban."

Iyakar shari'ar ke nan. Dattijo zai yi tsaki, ya ce Allah ya isa, ya sake sayen kati, domin tumatur ba ya jiran a gama rigima. Saƙon da ya sanar da shi an sa shi cikin tsarin da Turanci ya zo. Wanda ya ce an cire shi, in ma ya zo, an goge shi tuntuni saboda akwatin wayar ya cika da tallace-tallace.

Abin da ake sa mutane a ciki ba shi da iyaka: waƙar da mai kiranka ke ji, sakamakon ƙwallon Turai, kacici-kacici mai alƙawarin mota, shawarar lafiya, wasannin waya, har da addu'o'i da fadakarwa. Yawancinsu ba kamfanin layin ne ke shirya su da kansa ba. Wasu ƙananan kamfanoni ne masu lasisin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, suke hawa kan layin, a ciri kuɗin daga katinka, su raba da mai layin. Wannan rabon ne ya sa nake ganin uzurin da ake yawan bayarwa, cewa wai laifin wani kamfani ne can daban, ba ya tsayawa da ƙafarsa. Dattijon bai taɓa ba wancan kamfanin ko sisi ba. Wanda ya ba kuɗinsa shi ne mai layi, kuma ba a taɓa kuɗin ba sai da mai layi ya buɗe ƙofa. Kamar ka ajiye buhun masara a wurin dillali ne, ka dawo ka tarar an ɗebe kwano goma, ya ce maka wani mai tallan magani ne ya zo ya ce ka amince. Ko yaro ya san wanda za a riƙe.

Ba wai babu doka ba. Dokoki ma sun yi yawa. A watan Yulin 2016, lokacin da Farfesa Umar Garba Ɗanbatta ke shugabancin NCC, aka fito da lambar 2442, wadda mutum zai tura mata saƙo ya ce a daina damun sa da talla. Aka ayyana 2017 a matsayin shekarar mai amfani da waya, aka yi ta yayata lambar 622 ta kai ƙara kyauta. A 2018 hukumar ta ba kamfanoni umarnin su daina sa mutum cikin wani tsari ko sabunta masa data ba da yardarsa ba, da tarar naira miliyan 5 ga wanda ya saɓa. A 2023 kuma aka daidaita gajerun lambobi a duk layuka: 300 don kiran ofishin kamfani, *310# don duba ragowar kati, *303# don aron kati, *305# don fita daga irin waɗannan tsare-tsare. A takarda, mai waya a Najeriya ya fi na ƙasashe da dama kariya.

Sai dai duk waɗannan matakai an gina su ne bisa zato guda, cewa wanda aka cuta zai gane an cuce shi, zai san lambar da zai danna, zai iya karanta abin da ya fito, kuma zai riƙe shaida. Ɗauki 2442 da *305#. Mutane da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne. Ta farko an yi ta ne don toshe saƙonnin talla, ta biyu ita ce ƙofar fita daga abin da aka riga aka shigar da kai. Mutum zai tura saƙo ga ta farko, talla ya ragu, ya saki jiki, cira kuwa tana nan. Ita kuma 622 ba wurin fara kuka ba ne. Ƙa'ida ita ce sai ka fara kai ƙara wurin kamfaninka, su ba ka lambar ƙorafi, su kasa warwarewa, sannan ka ɗaukaka. Wanda ya kira 300, ya saurari na'ura tana jero masa zaɓi, ya jira har caji ya ƙare, bai samu lambar ƙorafi ba balle ya ɗaukaka komai.

Ga kuma nisa. Mutumin Zarewa ko Fulatan, can ƙasar Rogo, da yake so ya ga fuskar ma'aikacin kamfani da ke da ikon mayar masa da kuɗi, sai ya kama hanyar Kano ko Zariya. Ofishin shiyya na NCC yana cikin birnin Kano. Kuɗin mota zuwa da dawowa ya ninka abin da aka cira sau da yawa, ga yini guda da ya tafi. Babu mai hankalin da zai yi wannan tafiya don naira ɗari uku, kuma masu tsara waɗannan hajoji sun san haka sarai. Ƙanƙantar kuɗin ita ce katangarsu. A yi lissafi a misalce: in layi miliyan ɗaya kacal, cikin sama da miliyan 150 da ke aiki a ƙasar nan, aka ciri naira hamsin daga kowanne a rana guda ba bisa ƙa'ida ba, an tara naira miliyan 50 kafin la'asar. Tarar miliyan 5 ba ta kai abin da zai hana mai irin wannan ciniki barci ba.

Akwai abin da ke ba ni dariya da takaici lokaci guda a Karaye. Sansanin masu yi wa ƙasa hidima na jihar Kano yana nan Kusalla. Duk zangon da aka buɗe, matasa masu digiri daga ko'ina a ƙasar nan suna sauka na mako uku, suna amfani da turakun sabis ɗin da manoman yankin ke amfani da su. In aka taɓa katin ɗayansu, hoton allon wayarsa zai ɗauka, ya hau X ko Facebook ya ambaci sunan kamfanin a bainar jama'a da Turanci mai zafi, kuma sau da yawa a lallashe shi. Kamfani ɗaya, turke ɗaya, cuta iri ɗaya. Abin da ya raba su da dattijon rumfar caji shi ne ɗaya yana iya jawo wa kamfani abin kunya, ɗayan ba ya iyawa. Tsarin da sai mai iya tayar da ƙura yake samun haƙƙinsa, a ganina, bai cika tsarin kare mai saye ba.

Su ma kamfanonin suna da abin faɗa, kuma ba duka ne ƙarya ba. Za su ce ba a sa kowa cikin tsari sai an danna amincewa daga wayarsa. Gaskiya ne a gidajenmu waya ɗaya tana bin hannu biyar, yara suna danna duk abin da ya yi tsalle a allo, kuma akwai saƙon da ke faɗowa daidai lokacin da mutum yake ƙoƙarin kashe kira, yatsa ya sauka a kan "OK" ba da niyya ba. Gaskiya ne kuma wani abin da ake kira sata ba sata ba ne. Wanda ya ari kati ya manta, in ya sa sabo za a fara zare bashin, kuma tun wajen aron an riga an yanke lada, wanda a layuka da dama yakan kai kashi 15 cikin ɗari: ka ari ɗari, a ba ka tamanin da biyar, ka biya ɗari. Mai babbar waya kuma datarsa na iya ƙarewa saboda manhajoji suna sabunta kansu, ko bidiyon TikTok da ke zuba ba tsayawa, daga nan wayar ta koma cin kati kai tsaye. Tun tsakiyar 2025 ma, naira 6.98 na tura kuɗin banki ta gajeriyar lamba ya koma ana zare shi daga katin waya, bayan shekarun da bankuna da kamfanonin sadarwa suka kwashe suna rigima kan bashin biliyoyin naira. Duk waɗannan suna rage kati, kuma mai waya ba ya iya bambance wanne ne wanne.

To amma wannan ruɗanin hujja ce a kan kamfani, domin shi kaɗai ke da bayanin da zai warware shi. Ya san daƙiƙar da aka shigar da kai, ya san ta wace hanya, ya san ranar da ka tura saƙon fita da abin da na'urarsa ta yi da saƙon. A gaban kowane alƙali a ƙasar Hausa, wanda ya ce yana bin wani shi ake tambaya shaida. A nan an mayar da nauyin kan wanda ba shi da takarda ko ɗaya: kai za ka tabbatar ba ka shiga ba, kai za ka tabbatar ka fita. Matuƙar ba a mayar da wannan nauyi inda ya dace ba, ƙara yawan lambobin kai ƙara ba zai canza komai ba.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa, domin an yi a wasu wurare, kuma ba wurare masu ƙarancin talakawa kaɗai ba. A Indiya, hukumar sadarwarsu ta TRAI ta wajabta tun 2013 cewa sai mai waya ya amince sau biyu kafin a sa shi cikin irin wannan tsari, amincewa ta biyun kuma ta bi ta wata na'ura da ba ta ƙarƙashin mai tallan, aka kuma ware lamba guda ta kyauta, 155223, don fita. A Amurka, a 2014, kamfanin AT&T ya amince ya biya dala miliyan 105 kan cusa wa mutane kuɗin hajojin wasu kamfanoni a takardar biyansu, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin an ware shi ne don mayar wa waɗanda aka cira. T-Mobile ya biyo baya da dala miliyan 90 a shekarar. Can ɗin ma ba a gama yaƙin ba: dokar da hukumar kasuwancinsu ta fitar a 2024, wadda ta ce fita daga rajista ya zama da sauƙi kamar shiga, wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta a watan Yulin 2025 kafin ta fara aiki sosai. Abin lura shi ne inda kuɗin tara yake zuwa. A nan mun ga hukuma mai haƙora a 2015, lokacin da NCC ta ci MTN tarar sama da naira tiriliyan ɗaya kan layuka fiye da miliyan 5 marasa rajista, aka daidaita a biliyan 330 a shekarar da ta biyo. Wannan magana ce ta tsaro, kuɗin kuma baitulmali ya tafi. Irin wannan zafin nama nake so in gani a ranar da laifin ya zama na taɓa katin talaka, kuma kuɗin ya koma kan layukan da aka cira, ba tare da kowa ya cika fom ba.

Yanzu ne ma lokacin matsa wannan magana. A watan Janairun 2025 NCC, ƙarƙashin Dokta Aminu Maida, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6. Kamfanonin sun kawo dalilansu: faɗuwar naira tun 2023, tsadar man dizal da ake kunna injinan turaku da shi, yanke musu wayoyin ƙarƙashin ƙasa da masu aikin hanya ke yi. MTN kaɗai ya bayyana asarar kimanin naira biliyan 400 a 2024. Ban raina waɗannan dalilai ba, kuma duk wanda ya tuna yadda aka yi kafin 2001, lokacin da sai ka je gari ka bi layi a ofishin NITEL kafin ka ji muryar ɗan'uwanka, ba zai so kamfanonin nan su durƙushe ba. Amma wanda ya nemi a ƙara masa farashi a fili, aka kuma ƙara masa, ba shi da sauran hujjar karɓar wani abu ta bayan gida. Tarihi ma ya nuna abin da suke cewa ba zai yiwu ba yakan yiwu in an matsa. Shekara biyu ana cajin mutane kuɗin minti cikakke ko da daƙiƙa goma suka yi, ana cewa na'ura ba za ta iya lissafin daƙiƙa ba, sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, nan da nan kowa ya iya.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Duk wanda ya fita daga wani tsari a turo masa rasit a saƙo, da kwanan wata da lamba, cikin harshen da ya zaɓa. Kamfanonin da ke iya tallata garaɓasa da Hausa tsantsa a gidajen rediyon Kano ba za su ce Hausa ta gagare su wajen rubuta "an cire ka, ba za a sake taɓa kuɗinka ba". Duk abin da aka cira bayan wannan rasit ya dawo da kansa, har da ƙari a kai, don kuskuren ya riƙa yi wa mai yin sa ciwo. Tsarin da mutum ya fita daga cikinsa kuma kada a sake tallata masa shi a allo washegari. Ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Karaye da Rogo yana da kujerar da zai iya tayar da wannan a Abuja, kuma zai fi wa mutanensa amfani fiye da rabon babura. Masarautar Karaye, wadda tun 2024 ƙananan hukumomin nan biyu ne ƙasarta, tana da hakimai da dagatai da limaman da in suka ce a jawo hankalin jama'a kan *305# bayan sallar Juma'a, saƙon zai isa inda takardar sanarwar hukuma ba ta taɓa isa ba. Masu cajin waya da masu POS kuwa, su ne ofishin ƙorafi na gaskiya a ƙauye, ba tare da kowa ya naɗa su ko ya biya su ba. Da hukuma za ta koya musu yadda ake karɓar lambar ƙorafi a ɗaukaka zuwa 622, da ƙararrakin da ke isa gare ta daga karkara sun fara kama da yawan cutar da ake yi.

Akwai wata fuskar rabuwa da kamfani da ta fi duk waɗannan nauyi, wato ranar da layin kansa ya mutu. Tun Disambar 2020, zamanin minista Isa Ali Pantami, aka fara tilasta haɗa layi da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa. A watan Afrilun 2022 aka hana miliyoyin layuka yin kira, aka yi ta ɗage wa'adi har zuwa na ƙarshe a Satumbar 2024. Wanda sunansa a katin ɗan ƙasa Muhammad, a rajistar layi kuma Mamman, ko matar da mijinta ne ya yi mata rajista da sunansa kuma ya rasu, sun san wahalar da aka sha. Ban da wannan, ƙa'ida ta ba kamfani dama ya dakatar da layin da ya yi wata shida ba a yi wani abin kuɗi da shi ba, in aka ƙara wasu watanni a haka ya sayar wa wani da lambar. A yankin da matasa ke tafiya ci-rani Legas da Fatakwal, wasu har Libiya, su bar layin gida a cikin akwati, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum ya dawo ya tarar lambarsa tana hannun baƙo a wata jiha, alhali da ita ya buɗe asusun banki, kuma can saƙon shigar kuɗinsa yake zuwa.

Ina kuɗin da ke kan layin ranar da aka rufe shi? Shekara da shekaru babu wanda ya yi wa jama'a bayani. Sai a 2025 NCC ta fito da daftarin ƙa'ida da ke cewa mai layin da aka rufe yana da wata 12 ya nemi ragowar katinsa in ya tabbatar shi ne mai layin, amma ba za a ba shi tsabar kuɗi ba, sai dai a musanya masa da kira ko data. Ci gaba ne, tunda aƙalla an amsa cewa ragowar tana da mai ita. Sai dai sharaɗin ya sake komawa gidan jiya: mai kuɗi ne zai sani, shi zai nema, shi zai yi tafiya ya kawo shaida. Tunda yanzu kowane layi mai rai yana ɗaure da NIN, kamfani ya san sauran layukan da mutumin nan yake da su, aƙalla waɗanda ke kan hanyarsa. Tura ragowar can aikin na'ura ne na daƙiƙa guda, irin na'urar da ba ta taɓa mantawa da zare bashin kati ba. Wanda kuma ya rasu da kuɗi a layinsa, magadansa ne ke da shi, komai ƙanƙantarsa, kuma ya kamata ƙa'idar ta faɗi a sarari takardar da za su kawo da wurin da za su kai ta, wurin da bai wuce hedikwatar ƙaramar hukumarsu ba.